Inda iska take shiga: matsalar murhun ayon a wani ɗakin gwaji na Damagaram

## Ɗakin da na'urar, kafin komai ya faru

Ɗakin gwajin da wannan abu ya faru a cikinsa yana cikin garin Damagaram, kuma zan bar sunansa. Mu huɗu ne: Hajiya, shugabar ɗakin, wani matashi da ya karanta ilimin sinadarai, shi ke tuƙa na'urar, wata ƙanwarmu mai shirya samfura, sai ni, mai riƙe da littafin rajista, wanda kowace takardar sakamako sai ta bi ta hannuna kafin Hajiya ta sa hannu. Daga kaka har sanyi ya wuce, kusan duk aikinmu neman ragowar maganin ƙwari ne a cikin wake.

Wanda ya san kasuwar Dole ranar Alhamis ya san dalili. Nijar ce ta biyu a duniya a noman wake, bayan Najeriya, kuma abin da ake kawowa daga Magarya da Matamai da Mirya ba a wata guda ake cinye shi ba, ajiye shi ake yi. Ƙwaro kuwa ba ya jira. Akwai buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda ke kashe ƙwaron da rashin iska ba tare da magani ba, amma har yanzu akwai masu yayyafa wa wake fiya-fiya, wanda sinadarinsa shi ne dikilorbos. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen waken Najeriya ƙasashenta saboda shi, kuma iyakar da ta sa ita ce miligiram 0.01 a kowane kilo. Wannan ɗan mitsitsin adadi ake so na'urarmu ta gani.

Sunanta GC-MS, kuma gida biyu ce. Gidan farko tanda ce, a cikinta akwai siririn bututu mai tsawon mita 30 a naɗe kamar gammo, iskar hiliyam tana kora samfur a ciki har sinadaran su rarrabu, kowanne ya fito a lokacinsa. Gida na biyu shi ke auna nauyin abin da ya fito. Famfuna biyu ke zuƙe masa iska dare da rana, mai aiki da mai a ƙasa, mai farfela a jikinsa. A bakin wannan gidan murhun ayon yake, ɗan curin ƙarfe da bai kai dunƙulen hannu ba, ana riƙe zafinsa a digiri 230. Murhu kawai muke ce masa.

A jikin murhun akwai filaman biyu, ɗaya na aiki, ɗaya na ko-ta-kwana. Siririn zaren ƙarfen reniyam ne da ke yin jajur, zafinsa ya kusa digiri 2,000, yana watso ilektiron masu ƙarfin ilektiron-bolt 70. Su ke dukan ƙwayar sinadari su farfasa ta, gutsattsarin su ɗauki caji, su zama abin da ake kira ayon. A bayansu akwai matunkuɗi, ɗan faranti mai cajin da ke ingiza su gaba. Daga nan sai faifai masu huda a tsakiya da ke sa su a layi, sai sanduna huɗu masu tace su bisa nauyi, sai maƙirgi, mai ƙirga ayon ɗin da suka iso, a can ƙarshe. Tun 1918 Arthur Dempster ya yi amfani da dabarar dukan ilektiron, kuma har gobe ana ji da ita, domin a ƙarfin 70 sinadari yana farfashewa kusan iri ɗaya a kowace na'ura. Kowane gutsure yana fitowa a lambar nauyinsa: dikilorbos yana ba da gutsattsari a lamba 109 da 185, da ɗan kaɗan a 220. Da su muke gane shi.

Tamu tana da ƙarin ƙofa a gefe, ta tsinken samfur. Tsinken sandar ƙarfe ce mai santsi, tsawonta kamar kamu guda, a bakinta akwai ɗan kofin gilashi da bai wuce ƙwayar shinkafa biyu ba. Ana sa samfur a kofin, a zura sandar ta cikin zoben roba da ke rungume ta, a zuƙe iskar ɗan zauren da ke tsakani, a buɗe bawul, a tura ta har bakin murhu, a dumama. Ba a bi ta bututun tanda. Cikin minti goma an ga abin da ke ciki. Ɗalibai masu bincike a kan itatuwan magani, sabara da bagaruwa da zogale, suna son tsinken ƙwarai. Daga tsakiyar Oktoba Hajiya ta ba su yammacin Talata da Laraba.

Kowace safiya matashin yana yi wa na'urar saiti da wani ruwan ma'auni da ke cikinta, PFTBA, mai ba da lamba 69 da 219 da 502. Takardar saitin tana nuna tsayin kowacce, da yawan bolt ɗin da maƙirgi ya nema, a can ƙasa kuma da wasu lamba uku: 18 ta ruwa, 28 ta naitirojin, 32 ta oksijin. A ƙarshen Oktoba abin da na rubuta a rajista shi ne: 502 tana kashi 4 cikin 100 na tsayin 69, maƙirgi bolt 1,350, lamba 28 kashi 2.

## 12 zuwa 29 ga Nuwamba: alamun farko

Hunturu ya sauka da hazo a mako na biyu na Nuwamba. Iskar arewa maso gabas ce ke kwaso wannan ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Laushinta kamar hoda, tana shiga ɗaki ko an rufe taga, da safe sai ka rubuta sunanka da yatsa a kan teburi.

Ranar 12 ga wata matashin ya zuba ma'aunin dikilorbos na 0.01, ya ga tsininsa, wato tudun da layin kwamfuta yake yi idan sinadari ya fito, ya dawo rabin yadda yake a Oktoba. Ya sake, haka. Ya yi abin da aka saba yi: ya canza ɗan bututun gilashin da ke bakin allura, inda ake zuba samfur a na'urar, da robar da allurar ke hudawa, ya yanke santimita 30 daga kan dogon bututun. Ruwan wake da ake tatsa don gwaji yakan zo da ɗan maiƙo, kuma a bakin allura yake fara taruwa. Tsinin ya ɗan ɗago, aka ci gaba da aiki.

Bayan mako guda ya sake faɗuwa. Ranar 28 takardar saiti ta nuna 502 a kashi 1.5, maƙirgi bolt 1,650, lamba 28 kashi 7. Iyakar da littafin na'urar ya sa wa 28 kashi 10 ce, don haka kwamfuta ta rubuta cewa saiti ya yi. Washegari ma'aunin 0.01 ya ɓace ɗungum a cikin hayaniyar layi, wato 'yar rawar da layin yake yi ko ba komai a ciki.

Hajiya ta tsayar da ba da sakamako a ranar, ta kuma sa na kira duk waɗanda muka ba takarda tun daga 12 ga wata. Takardu 11 ne. Wani Alhaji mai sayen wake ya zo da kansa, ransa a ɓace.

"Hajiya, mota na tsaye a tasha. Kowace rana kuɗi ce."

"Alhaji, ka yi haƙuri. Ɗan kaɗan ɗin da ake nema na'urar ta daina ganinsa. In na rubuta maka babu, ni kaina ban san ko babun ce ko makanta ba."

## Disamba: filaman biyu, wuta, da tukunyar gas

Ranar 4 ga Disamba da yamma filaman na farko ya tsinke. Matashin ya juya kan na biyu, ɗalibai suka ƙarasa aikinsu. Ranar 17, da yamma kuma, na biyun ya bi sahu. A da filaman ɗaya yakan shekara yana aiki.

Zargi ya fara faɗawa kan wuta. Da yamma ake yawan ɗauke ta, kuma kafin injin wuta ya tashi akan ɗauki minti biyu ko uku. Hujjar tana da ƙarfi: idan famfuna suka tsaya murhu yana da zafi, iska na iya komawa ciki, har ma tururin man famfon ƙasa ya hauro. Hajiya ta nemo kuɗi aka sayi na'urar batir mai riƙe wuta, wadda ke ɗaukar famfuna da kwamfuta na minti 20.

Akwai filaman biyu na ajiya a kabad, su kaɗai. Aka huce murhu, aka tsayar da famfuna, aka buɗe. Na tsaya a bayan matashin ina riƙe masa cocila. Ƙarfen da ke kewaye da filaman ya rine, wani wuri shuɗi-shuɗi, wani wuri ruwan ƙasa, irin launin da bututun hayaƙin babur yake yi. Fuskar matunkuɗi kuwa, wadda ya kamata ta yi sheƙi kamar madubi, ta yi baƙi ƙirin a tsakiya. Ya sa sababbin filaman ya rufe. Ba a wanke ba a wannan karon, domin garin wankin da ake bukata bai iso ba.

Tsinin dikilorbos bai dawo ba. Sai hankali ya koma kan hiliyam, tunda a farkon Nuwamba aka ɗora sabuwar tukunya, kuma na'urar tana son gas mai tsarkin kashi 99.999. Aka nemo wata ta hanyar Kano da tsada, aka canza matatar da ke kama ruwa da oksijin a kan layin gas. Lamba 28 ta tsaya a kashi 8, ko gezau.

Abu na ƙarshe da aka gwada kafin shekara ta fita shi ne ƙara ɗaure noti a inda dogon bututu yake shiga gida na biyu. Ɗan matoshin da ke wurin, haɗin girafayit da wata roba mai jure zafi, yakan tsuke idan ya sha zafi da sanyi, ya bar kafa. Da aka ƙara masa rubu'in juyi, 28 ta sauko daga 8 zuwa 6. Muka ce an samu. Ɗalibai suka tafi hutu ranar 20 ga wata.

## 8 ga Janairu zuwa 5 ga Fabrairu: wankin murhu

Wankin murhu a tsakiyar hunturu aiki ne na daban. Tun da asuba ƙanwarmu ta goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma, ta toshe ƙarƙashin ƙofa da wani, aka kashe fanka. Famfon ɗakin ya kwana uku bai kawo ruwa ba, abin da duk mutumin Damagaram ya saba da shi, amma ko ya kawo ba da shi ake wannan wanki ba; tataccen ruwa na kwalba muka tanada. Aka shimfiɗa takardar alminiyam a kan teburi, kowa ya sa safar hannu marar hoda, domin maiƙon yatsa kaɗai yana iya fitowa a sakamako.

Matashin ya warware murhun ɗaya bayan ɗaya, yana jera kayan bisa yadda ya cire su, ni kuma ina ɗaukar hoto da waya a kowane mataki. Filaman, da abin dumama, da fararen zobban tangaran da ke raba ƙarfe da ƙarfe don kada wuta ta tsallaka, duk aka ware su gefe. Ba a goge su, ba a jiƙa su. Sauran ƙarafan, jikin murhu da matunkuɗi da faifai masu huda, su ake cuɗawa. Ya kwaɓa garin alumina da ɗan metanol ya yi kauri kamar kunu, ya riƙa murzawa da auduga mai tsinke. Baƙin da ke fuskar matunkuɗi ya ɗauke shi kusan minti 20, yana fita a hankali, ruwan ƙasa ya biyo, sannan farin ƙarfe ya leƙo. Hudar faifan ya bi ta da tsinken sakace da aka naɗe wa auduga. Bayan nan ɗauraya da ruwa har ba ɓurɓushin gari, sai kwanon wanki mai girgiza ruwa da sauti: minti 15 a asetan, minti 15 a metanol. Aka busar a tanda a digiri 100, aka haɗa, aka rufe, aka bar famfuna su kwana suna zuƙa.

Dalilin da baƙin nan yake kashe aiki shi ne ba ya wuce da wuta. Caji yana taruwa a kansa, sai ayon su kauce daga hanyar da matunkuɗi yake so su bi. Masu nauyi, irin 502, su ke fara ɓacewa. Kwamfuta kuma tana rufe giɓin da ƙara wa maƙirgi bolt, hayaniya ta ƙaru tare da shi, ƙaramin tsini ya nutse.

Da safe 502 ta koma kashi 3.5, maƙirgi bolt 1,400, ma'aunin 0.01 ya fito tsaf. Lamba 18 tana sama, amma haka take yi duk lokacin da aka buɗe, ta sauka cikin kwana biyu. Lamba 28 ta zauna a kashi 6. Muka koma aiki, muka fara da samfuran nan 11 da aka ajiye a firji. Tara suna ƙasa da iyaka, kamar yadda takardunsu na farko suka ce. Biyu sun haura.

Kwana goma sha biyu na'urar tana lafiya lau. Ɗalibai suka dawo ranar 21 ga Janairu. Ranar 3 ga Fabrairu 502 ta koma kashi 2, maƙirgi bolt 1,600. Ranar 5 da yamma filaman na uku ya tsinke, kuma ba a ɗauke wuta ba ko sau ɗaya a wunin.

## 6 zuwa 11 ga Fabrairu: neman kafar

Saura filaman ɗaya tak. Odar wasu sai daga Turai, ta biyo ta Yamai, sannan ta yi tafiyar kilomita wajen 900 zuwa nan. Hajiya ta aika a kira wani dattijo da ya yi ritaya, wanda ya shekara da shekaru yana gyaran injunan asibiti, na tafasa kayan aiki da na zuƙar iska. Bai taɓa buɗe irin na'urarmu ba, kuma ya faɗi haka tun a bakin ƙofa. Baba muke ce masa.

Bai taɓa ko sukurdireba ba a ranar farko. Littafin rajista ya ce in ba shi, ya sa tabarau, ya zaunar da matashin kusa da shi yana yi masa bayanin kowane layi. Da suka zo kan lamba ukun nan na ƙasa ya tsaya.

"Ɗana, wannan 28 da 32, nawa da nawa suke a iskar da muke shaƙa?"

"Naitirojin kashi 78, oksijin kashi 21, Baba."

"Wajen huɗu da ɗaya ke nan. To duba mani naka."

Muka bi takardun tun daga Nuwamba. Duk ranar da 28 ta hau, 32 ta hau tare da ita, kullum wajen kashi ɗaya cikin huɗu nata. Matashin da kansa ya ƙarasa lissafin: da daga tukunyar gas ne, ko daga wata kafa kafin matata, da matatar ta cinye oksijin, 28 kaɗai za ta tashi. Wannan iskar ɗaki ce, cikakkiya. Oksijin kuma shi ke cin filaman mai zafi, shi ke rina ƙarfen murhu.

Sai Baba ya tambayi ranakun da filaman suka tsinke. Na karanto: 4 da 17 ga Disamba, 5 ga Fabrairu. Ya ce in duba ko su wa ke ɗakin. Laraba, Talata, Laraba, duk da yamma.

Washegari aka raba na'urar gida biyu. Aka zare dogon bututu daga gida na biyu, aka toshe gurbinsa da matoshi marar huda, aka bar ta ta kwana tana zuƙa. Idan 28 ta faɗi, kafar tana wajen tanda da layin gas. Ta nuna kashi 5. Kafar tana gida na biyu.

Don gano ainihin wurin, Baba ya je wajen wani mai waldar alminiyam ya ciko balan-balan biyu da iskar argon, ya ɗaure wa bakin kowanne allurar sirinji. Argon yana fitowa a lamba 40, kuma a iskar ɗaki bai kai kashi 1 cikin 100 ba, don haka duk inda aka hura shi ya shige, za a gani nan take. Matashin ya sa kwamfuta ta zuba ido a kan 40 kaɗai. Baba ya riƙa bin mahaɗa ɗaya bayan ɗaya da bakin allurar, yana hurawa kaɗan, yana ƙirga goma a ransa kafin ya matsa gaba. Matoshin bututu, shiru. Babban zoben ƙofar gefe, shiru. Bawul ɗin shigar da iska, da na ruwan saiti, shiru. Da ya kai bakin ƙofar tsinke, bawul a rufe, layin ya ɗan jima sannan ya miƙe sama ya ninka uku.

Saura gwaji ɗaya, wanda Hajiya ta yi jinkiri kafin ta yarda saboda filaman ɗaya ya rage. Aka zura tsinken babu komai a kofinsa, aka zuƙe zaure, aka buɗe bawul, aka tura shi ciki kamar yadda ɗalibai suke yi. Matashin ya kunna filaman na daƙiƙa biyar. Lamba 28 ta haura kashi 70. Ya kashe da sauri. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

Kafa biyu ce ashe. Ƙarama a mazaunin bawul, wadda ke yoyo dare da rana, ita ce kashi 5 zuwa 6 da muke gani da safe. Babba a zoben da ke rungume sanda, wadda ba ta da tasiri sai an buɗe bawul tsinke yana ciki, lokacin da ba wanda yake duba takardar saiti.

Da aka ciro zoben muka sa shi a ƙarƙashin gilashin ƙara girma. Cikinsa duk zane-zane ne a tsaye, da 'yan ƙwayoyin rairayi a nutse cikin robar. Sandar ma tana da dogayen ƙarce guda uku da farce yake ji. A kan wani ƙyalle ake ajiye ta kusa da taga, kuma wani, da kyakkyawar niyya, ya riƙa shafa mata man zobe da yawa don ta riƙa shiga da sauƙi. Man ya kama ƙurar hunturu, kowace zurawa ta zama gugar samfefa. Kofunan gilashin da muka samu a aljihun teburi kuwa cike suke da baƙin kwalta. Mikrogiram ɗaya ya ishi tsinke. Ɗalibai suna cika kofin da danƙon tsiro har baki, abin da ya kai miligiram ɗaya ko fiye, wato ninki dubu, kuma duk abin da ya ƙone a kan matunkuɗi yake sauka.

## 12 ga Fabrairu zuwa Maris: gyara

Aka cire ƙofar tsinke gaba ɗaya aka rufe gurbinta da faranti, aka sake wanke murhu, aka mayar da bututu. Ranar 14 lamba 28 ta nuna kashi 1.5, ƙasa da yadda take tun Oktoba. Aikin wake ya ci gaba da filaman ɗin nan ɗaya.

Zobba da mazaunin bawul da filaman huɗu suka iso ranar 11 ga Maris. Zobban duka a cikin wata 'yar leda suka zo da ba ta kai tafin hannu ba. Baba ya goge sandar da takardar guga mafi laushi, yana juya ta a zagaye. Ya ce ƙarcen da ya bi tsawon sanda hanya ce ga iska ta ƙarƙashin zobe, wanda ya zagaye ta kuwa ba ya kai iska ko'ina. Ya yanko bututun roba na masu aikin famfo ya yi mata kube mai murfi. Da aka haɗa, aka maimaita gwajin argon, bawul a rufe da kuma tsinke a ciki: 40 ba ta motsa ba, 28 ta tsaya a kashi 2.

Hajiya ta tara ɗalibai ta nuna musu tsohon zoben da matunkuɗin a hoto. Yanzu ana narka miligiram ɗaya na samfur a mililita ɗaya, a ɗiga mikrolita ɗaya a kofi, a bari ya bushe. Ana goge sanda da metanol kafin zurawa da bayan zarewa, ta koma kubenta. Kuma ba a dumama tsinke sai matashin ya duba 28 yana ciki.

## Afrilu da Mayu

Zafi ya haura digiri 40 a waje, an sha ɗauke wuta, batirin ya riƙe famfuna kowane karo. A ƙarshen Mayu 502 tana kashi 3.8, maƙirgi bolt 1,420, lamba 28 tsakanin 1.5 da 2. An yi amfani da tsinke sau 46 tun bayan gyara. Filaman na huɗu, wanda aka sa tun Disamba, shi ke aiki har yanzu.

## Yadda nake ganin lamarin

Canza filaman bai yi magani ba domin filaman ba shi ne mai ciwon ba, shi aka fi ci ne kawai. Tukunyar hiliyam asara ce tsantsa, kuma da mun dubi 32 kusa da 28 na minti ɗaya da ba a saye ta ba. Batirin riƙe wuta ya kamata a ce tun ranar da aka kafa na'urar yake nan, ban yi da-na-sanin kuɗinsa ba, amma ya ba mu amsar da ta kwantar mana da hankali har muka daina tambaya na mako biyu. Ɗaure notin ma haka: ya toshe wata 'yar kafa ta gaskiya, saukar kashi 2 ta sa muka ɗauka ita ce duka. Wankin Janairu an yi shi daidai, ya kuma dawo da na'urar, sai dai mun share ɗaki ne taga a buɗe. Abin da ya yi aiki shi ne raba na'urar gida biyu, da bin mahaɗa ɗaya bayan ɗaya, da auna ta a halin da take lalacewa, wato da yamma, tsinke a ciki.

Ba na ɗora wa ɗalibai laifi. Ba wanda ya taɓa nuna musu yadda mikrogiram ɗaya yake a ido, kuma wanda ya saba da turmi da tukunya zai ga cika kofi shi ne daidai. Laifin da na fi gani yana cikin littafina. Da hannuna na rubuta 2, na rubuta 4, na rubuta 7, ina kallon iyakar 10 da kwamfuta take bi, ban kalli cewa lambar ta ninka fiye da uku cikin wata ɗaya ba. Kuma daga 12 zuwa 28 ga Nuwamba mun ci gaba da lissafa sakamako da ma'aunin da muka ɗauka a farkon wata, alhali idon na'urar yana raguwa kullum. Wannan ne ya sa samfura biyu suka fita da takardar da ta ce suna ƙasa da iyaka.

Ɗaya daga cikin biyun mun same shi bai bar sito ba, mai shi ya karɓi sabuwar takarda ya janye shi daga ciniki. Ɗayan na Alhajin nan ne da ya zo ransa a ɓace. Ya jira mu kwana huɗu, mai saye ya matsa, motar ta tashi ta ƙetare iyaka zuwa Kano. Da na kira shi a Janairu na gaya masa abin da muka gani, ya yi shiru, sannan ya ce tun kafin ƙarshen Disamba aka rarraba waken a kasuwa, kwano-kwano.